Neman Abin da Ke Cin Transista, Daga Zuru Zuwa Faraku

Tun da na dawo ban samu na yi aikin kirki a shago ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kafe babur ya leƙo: "Ishaya, wai da gaske har ƙasar masu Faransanci ka je saboda transista?" In fara ba da labari, kafin in kai Kamba wani ya shigo ya ce a koma farko. Shekaranjiya ina cikin surutu na bar ayan ɗin narka dalma a jikin rediyon wani tsohon soja har roba ta narke. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ga wanda bai san mafarin ba, ƙanwar babana, Gwaggo Saratu, nas ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan asibitin haihuwa a bayan kasuwa. Bara ta sayo na'urar hoton ciki, tsohuwa 'yar Kwatano, wadda ake gani da ita yadda yaro yake kwance. Kafin zuwanta, mace da tsohon ciki sai ta sha hanya har Kontagora. Da labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga Kanya, daga Mahuta, daga ƙauyukan kan dutse. Ana cikin haka wata rana na'urar ta yi ƙara, ta ɗauke.

A cikin irin waɗannan na'urori akwai wani fanel da ke karɓar wutar gari ya tace ta ya raba wa sauran sassa. Mu masu gyara fawa muke ce masa. Zuciyarsa wata transista ce baƙa mai ƙafa uku, wadda aikinta buɗe wuta da rufe ta da saurin da ido ba ya gani. Ita na tarar ta ƙone. Na sa sabuwa, na gwada a shago, lafiya lau. Aka mayar asibiti, ba a daɗe ba ta sake mutuwa. Na auna duk abin da mitata za ta iya aunawa, ban ga laifin kowa ba. Na sa ta biyu, ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ma haka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rubutun da ke bayan na'urar, wai tana karɓar wuta daga tasa'in har ɗari biyu da sittin. To wadda aka ƙera don ta jure wa wuta mai yawa da maras yawa, me ke kashe ta?

Ranar da ta uku ta mutu ina wajen. Mata na jere a kan benci, har da wata da mijinta ya goyo a babur, ƙafafunta sun kumbura. A gabana Gwaggo ta ba su haƙuri ta ce su wuce Kontagora. Na ga mijin ya kalli matar, ya kalli babur ɗinsa. Da suka tafi Gwaggo ta juyo.

"Ishaya, ka gaya mini gaskiya. In ta mutu ne, in daina tara mutane."

"Gwaggo, ba ta mutu ba. Wani abu ne ke cin transistar, ni kuma ban gan shi ba."

Sai ta hau babur ta je inda ake samun sabis ta buga wa wanda ya sayar mata. Shi ne ya ce akwai wani Selestin a Faraku, cikin ƙasar Benin, kusa da tashar jirgin ƙasa, duk masu kayan asibiti wurinsa suke kaiwa. Na ce in dai a ba ni fawan in je da kaina, domin ko ba a gyara ba ina so in ga abin da idona ya kasa gani.

Na kwance fawan, na naɗe shi da tsohon zanen matata, na sa a kwalin madara, na jefa gawarwakin transistocin a aljihu. Hanyar Mahuta zuwa Koko kowa ya santa, ba sai na ɓata baki ba. Bas tana faɗawa rami ina ɗaga kwalin sama da hannu biyu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta gaji da kallona ta ce, "Ɗana, in ƙwai ne ai sun riga sun fashe, ka huta." A Koko na sake mota, a Jega ma na sake, a nan ne Allah ya haɗa ni da Alhaji Namata, wani ɗan kasuwar albasa mutumin Kamba, dogo, mai yawan dariya da goro a kumatu.

"Samari, mi kaka riƙo haka kamar jinjiri?"

"Fawa ce, Alhaji. Sana'ata ke nan."

Ya sunkuyo ya shinshina kwalin. "Mahauci kake? To nama ne ka naɗe da zane cikin wanga zahi?"

Da ƙyar na fahimtar da shi fawan da nake nufi. Ya yi dariya har sai da direba ya waiwayo. Da ya ji daga Zuru nake ya ce shi a saninsa Badakkare ko soja ko noma, bai taɓa ganin mai gyaran wuta ba. Da ya ji Faraku za ni, kuma ban iya Faransanci ko ɗaya ba, sai ya ce shi ma motar albasarsa zai bi har can, in manne da shi. Ba don shi ba da ban san inda zan kwana ba.

A iyakar Kamba namu suka duba takarduna da katin rigakafi suka ce in wuce. A ɓangaren Nijar ne wani jandarma ya nuna kwalin da sanda. Na buɗe. Ya warware zanen, ya ga wayoyi da wani ƙaton kwandensa kamar gwangwanin tumatir, sai ya ja da baya, ya kira abokinsa, suka shiga Faransanci da sauri. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, ita ma ba mai daɗi ba ce: bom. Alhaji ya shiga yi musu bayani da Zabarmanci, yana zana ciki da hannu a gaban rigarsa, yana nuna yadda ake shafa wa mace abin. Mutum mai gemu yana kwaikwayon mai ciki a gaban jandarmomi, ni kuwa gumi kawai nake yi. Can jandarman ya dube ni ya ce da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa, "Kai mai gyara ne da gaske?" Na ce e. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar rediyo da ta daina magana. Wayar batir ce ta yi tsatsa. Na kankare ta da makullin shagona, rediyo ta kama. Ya naɗe mini fawan da hannunsa, ya ce in gaida mutanen Zuru, yana da aboki soja ɗan can.

A Gaya na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Ba a sa shi a leda, haka mutum zai soke shi a hammata ya hau keke. Na tambayi mai shayi ko ba su da mai laushi, ya ce wannan na marasa haƙori ne. Daga nan muka hau gada muka ƙetare Kwara. Na tsaya ina kallon ruwan, ina mamakin wai shi ne dai wanda muke gani a Yawuri, ga shi nan ya raba ƙasa biyu da ba tamu ba.

Malambil, garin farko a ƙasar Benin, gari ne da albasa ta cinye. Warinta na cikin iska, na cikin shayi, har a tabarmar da na kwanta. Mun sauka a zango, gidan mai masaukin Alhaji. Al'adarsu ta burge ni: baƙon baƙonka naka ne, ba wanda ya tambaye ni ko wane ne ni sai da na ci na ƙoshi. Da asuba da suka tashi salla suka ga ban tashi ba, ba wanda ya ce uffan. Sai da gari ya waye maigidan ya ce, "Ashe Kirista ne kai? Ai da ka faɗa. Akwai cocinku a bayan tasha, in kana so a raka ka." Na yi godiya na ce sauri nake yi.

Hanyar Faraku shimfiɗaɗɗiya ce, sai manyan motocin auduga da ke zubar da farin gashi a gefen titi. Abin da ya fi ba ni dariya man fetur ne, jere a manyan kwalabe na gilashi a kowane ƙauye. Na tambayi Alhaji daga ina suke samu, ya ce, "Naku ne mana. Ku kuna layi, shi yana nan yana shan iska." A cikin gari kuma 'yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya suke sawa, da lamba a baya. Mata kuwa su ke tuƙa babur ɗinsu, da ɗankwali da takalmi mai tsini, wata har da goyo. Na tsaya kallo sai da wata ta danna mini ham.

Mun sami shagon da rana tsaka, a rufe. Na maƙwabta ma a rufe. Na ce ko rasuwa aka yi a layin. Alhaji ya ce a'a, haka suke, in rana ta take kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya yi barci, sai ta yi sanyi a dawo. Na ce a Zuru wanda ya rufe shago da tsakar rana ai sai a je gaishe shi. Muka zauna wajen wata mai abinci muka ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani soyayye da suke kira wagashi. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Matar ta ga na share kwano, ta ɗebo wani ta miƙo. Ni kuwa kalma ɗaya na koya a hanya, sai na washe baki na ce, "Mersi," wato na gode. Ta mayar da shi tukunya ta rufe. Ashe a wajensu in an miƙo maka abu ka ce haka, ka ƙoshi ke nan. Alhaji yana gani, ya bar ni, yana ta dariya cikin hannun riga.

Da la'asar wata mata mai gilashi, za ta yi sa'ar babbar yayata, ta faka babur ta buɗe shagon. Na ce wa Alhaji ya tambaye ta yaushe maigidan zai zo. Ta amsa da Dendanci, Alhaji ya juyo yana danne dariya.

"Ta ce ita ce Selestin. Ta ce duk 'yan Najeriya haka suke tambaya."

Kunya ta kama ni, amma da na shiga shagon na manta da ita. A kan teburinta akwai abubuwa biyu da sai a littafi na taɓa gani. Ɗaya akwati ne mai ɗan allo kore da ke zana siffar wuta, ka gan ta tana hawa tana sauka. Ɗayan taransifoma ce mai murfi kamar sitiyari, in ka murɗa sai wuta ta ƙaru ko ta ragu yadda kake so.

Na zube mata transistocin. Ta ɗauki ɗaya cikin waɗanda na saya, ta ɗiga mata wani ruwa ta goga da auduga, sai rubutun ya fita fes. Ta sa filaya ta fasa ta, ta fasa ta asalin da ta zo da na'urar, ta jera su ta miƙo mini gilashin ƙara girma. A cikin ta asali akwai ɗan ƙarfe mai sheƙi kamar ƙwayar masara. A cikin tawa bai kai ƙwayar gero ba. Jabu ne, an ɗauki ƙarama an buga mata lambar babba. Na ce to shi ke nan, an gano. Ta girgiza kai, ta ɗaga ta asalin. Alhaji ya fassara: "Ta ce wagga ba jabu ba ce, amma ita ta fara mutuwa. Wa ya kashe ta?"

Daga nan fassara ta fara gagarar Alhaji. Ya ce shi albasa ya sani, wannan yaren ba Dendanci ba ne ba Hausa ba. Ya ja kujera bakin ƙofa ya bar mu. Sai muka gano ba ma bukatarsa sosai: dayod dayod ne a bakinta, transista transista ce, sauran kuma biro da bayan kwali suka ɗauka.

Ta sa sabuwar transista ta gaskiya, ta jona wutar ta cikin kwan fitila yadda mu ma muke yi don kada abu ya ƙone, ta maƙala wayar allon, ta fara murɗa sitiyarin a hankali. A allon na ga wuta tana tafiya kamar matakala, hawa da sauka. Amma a kan kowane hawa akwai wani siririn tsini kamar ƙaya. Tana ƙara wuta, ƙayar tana tsawo. Kafin ta kai ɗari biyu da hamsin ƙayar ta kusa fita daga allon. Ta yi maza ta rage. Wata da watanni ina neman abin nan da mita, ashe yana zuwa ya wuce kafin allurar mita ta motsa.

Ta zana mini. Duk lokacin da transista ta rufe wuta farat ɗaya, taransifomar cikin fawan takan mayar da harbi kamar jaki. Akwai wasu ƙananan abubuwa uku da aka ajiye don su tare harbin: dayod, resista da ɗan kwandensa shuɗi kamar ƙwayar magani. Na nuna mata da hannu cewa na auna su. Ta ɗaga ɗan shuɗin daga cikin gam ɗin da ya riƙe shi, ta juya shi. Ta ƙasa ya tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Muddin wuta na daidai, transista na jure harbin. Ranar da janareto ya yi sama, ko aka dawo da wuta da ƙarfi, sai ya same ta gaba ɗaya. Ta sa sabo, ta murɗa har ƙarshe, ƙayar ta zama ɗan tsiro. Ta cire kwan fitilar ta ɗora wa fawan kaya, ya ɗauka. Ta tafa hannu, alamar an gama.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na kira Alhaji na ce ya roƙe ta ta yi ƙasa da wutar. Ta sauke zuwa ɗari biyu. Na ce ƙasa. Ɗari da tamanin. Na ce ƙasa dai. Ta cire gilashi ta dube ni.

"Ta ce wane gari ne ake ba mutane irin wagga wuta?"

"Alhaji, gaya mata a Zuru akwai ranar da sai ka kunna ashana ka duba ko kwan fitila na ci."

Ta matsa ta ba ni sitiyarin. Na kai shi wajen ɗari da goma, na riƙa yi masa yadda wutarmu ke yi da yamma, ta ɗan hau, ta faɗi, ta yi rawa. Ba a jima ba fawan ya fara wani ɗan kuka, ƙarfen da transistar ke jingine da shi ya yi zafin da yatsa ba ya zama. Yanzu ita ce ta matso da kujera. Ta mayar da wayar allon kan ƙafar da ake ba transista umarni, sai muka ga umarnin ya rage ƙarfi, ba ya buɗe ta sosai, kamar ƙofar da aka bari rabi mutane na turereniya. Muka bi layin tare, yatsana da bironta, har muka isa wani ɗan kwandensa da ke ciyar da ƙwaƙwalwar fawan, maƙale kusa da wurin zafi. A ido lafiyarsa ƙalau. Ashe ya bushe. Da muka canza shi, na yi ta wasa da sitiyarin sama da ƙasa har hannuna ya gaji, ƙarfen bai wuce ɗumi ba. Ciwo biyu ne ke nan a jiki ɗaya, ɗaya na jiran wuta ta yi yawa, ɗaya na jiran ta yi kaɗan, garinmu kuma kullum yana ba da duka biyun.

Madam Selestin ta sa aka kawo lemo, ta shiga yi mini tambayoyi ta bakin Alhaji. Yaya firji ke rayuwa a wajenmu? Wane yare muke yi a gida? Na yi mata Dakarci kaɗan, ta gwada, harshenta ya ƙi. Da ta ga zanen da na naɗo fawan ta tambayi matata, har zance ya kai ga golmo, yadda saurayi a wajenmu yake shekaru yana noma wa surukinsa kafin a ba shi mata. Ta riƙe baki ta ce a kawo wannan al'ada Faraku, tana da 'ya'ya mata uku da gona a ƙauye. Da zan tafi ta ƙara mini transista biyu na gaskiya, ta nuna mini yadda zan riƙa gane su, ta ce in na sake samun abin da wutar Zuru ta kashe in kawo, tana son gani.

A tasha muka rabu da Alhaji, shi ya yi kudu. Ya cusa mini albasa a jaka har zip ya ƙi rufuwa. Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya gane ni ya ɗaga mini rediyonsa daga nesa.

Na iso Zuru da hantsi, ban ko biya gida ba. Na ɗaura fawan, na kunna, allo ya kawo. Gwaggo ta leƙa waje ta kira wata yarinya 'yar Mahuta, cikin fari, da ta zo awo da uwar mijinta. Ta ja labule, ta juyo da allon wajen ƙofa.

"Tsaya nan ka sa ido a kan na'urarka. Kar ka wuce labulen."

Ana cikin dubawa wutar gari ta yi ƙasa, fanka ta fara jan jiki, sannan ta ɗauke. Aka tada janareto, ya yi gurnani ya yi sama. Nan ne take mutuwa kullum. Na zuba wa allon ido. Na'urar ta sake kamawa, hoto ya dawo, baƙi da fari kamar hadari. Sai na hango wani ɗan wuri a tsakiyar allon yana ƙyaftawa da sauri, ba ya tsayawa. Na ɗaga murya.

"Gwaggo, kashe! Kashe, akwai abin da ke rawa a allon!"

"Ina?"

"Ga shi nan a tsakiya, yana ƙyaf-ƙyaf."

Na ji ta yi dariya a bayan labule, irin wadda na daɗe ban ji ta yi ba.

"Kai da gyaranka. Wannan ba naka ba ne, Ishaya. Zuciyar yaron ce."

Uwar mijin ta taso daga benci ta ture ni gefe, ta kafa fuska a allon tana tambaya a nuna mata. Na nuna mata da yatsa. Muka tsaya ni da ita a bakin ƙofa muna kallo, har Gwaggo ta ce to ya isa, akwai wasu a layi.